Daga AYA zuwa Masaka: Tambayoyi da Amsoshi kan Cunkoson Hanyar Abuja zuwa Keffi

Duk wanda ya taɓa kwana a Mararaba ko Masaka alhali wurin aikinsa na cikin Abuja ya san cewa asuba biyu ce a can: akwai ta salla, akwai ta kama hanya. Wasu ma a bakin titi suke yin sallar, don in ka bari gari ya waye tangaram kana gida, to sai dai ka fara shirya uzurin da za ka ba oga. Ga tambayoyin da aka fi yi game da wannan hanya da ta tashi daga mahaɗar AYA a Asokoro, Abuja, ta nufi Keffi, da yadda masana harkar tituna ke duba irinta.

Daga ina wannan cunkoso ya samo asali?

Daga gidajen kwana. An kafa Babban Birnin Tarayya da dokar soja ta 1976 zamanin Janar Murtala Muhammad, gwamnati kuma ta tare a Abuja ranar 12 ga Disamba, 1991. Ofisoshi suka taru a tsakiyar birni, amma kuɗin haya a Maitama da Wuse da Garki ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, balle direba da maigadi da ɗan tireda. Sai jama'a suka yi gabas: Nyanya da Karu a cikin birnin tarayya, sannan Mararaba, One Man Village, Ado, New Nyanya, Masaka, har Auta Balefi a ƙaramar hukumar Karu ta jihar Nasarawa. Rusau ɗin da aka yi tsakanin 2003 da 2007, lokacin da Malam Nasir El-Rufai ke ministan Abuja, ya ƙara tura mutane can.

To hanyar da aka gina don matafiyi mai zuwa Keffi, Akwanga, Lafia, Jos ko Makurdi, ita ce ta koma titin unguwa na dubban ɗaruruwan mutane. Da safe kowa ya nufi yamma, da yamma kowa ya nufi gabas, kuma kusan ƙofa ɗaya ake bi. Sunan Mararaba kansa ya faɗi abin da wurin yake tun asali, mahaɗar hanyoyi. Gari ne ya zo ya same ta daga baya, ya zauna a kanta.

In an ce za a yi "nazarin hanya", me ake yi takamaimai? Ba dai kwamiti da shayi ba?

In nazari ne na gaskiya, a bakin titi ake yin sa, cikin rana da ƙura. Abu na farko ƙidaya ce. Ana zaunar da mutane da takarda, ko a kafa kyamara, ko a shimfiɗa wata siririyar roba a kan kwalta mai lissafa duk tayar da ta taka ta. Ana rarrabewa: ƙananan motoci nawa, bas nawa, tirela da tanka nawa, babur da keke nawa, kuma ana rubuta adadin kowane minti goma sha biyar, domin a gano sa'ar da hanya ta fi cika. A mahaɗa kuma ana duba nawa suka miƙe, nawa suka karya dama, nawa suka yi hagu.

Na biyu, ana tambayar masu tafiya daga ina suka taso, ina za su. Wannan tambaya mai kamar wasa ita ce ke raba mai wucewa zuwa Makurdi da mai sauka a kasuwar lemo ta Mararaba, kuma maganin cunkoson kowannensu daban ne. Na uku, ana sa mota ta bi ayari da agogo a hannu, a auna minti nawa ake ci daga wannan gada zuwa waccan. Yanzu bayanan wayoyin hannu sun sauƙaƙa wannan aikin. Na huɗu, ana tattaro rahotannin haɗurra daga Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da 'yan sanda da asibitoci, a ɗiga kowanne a kan taswira. Inda ɗigo ya taru ya yi baƙi, nan ne wurin da ke cin mutane.

A ƙarshe injiniyoyi kan ba kowane yanki na hanya maki daga A zuwa F. A na nufin kana tafiyarka ba mai tare ka, F kuwa ita ce wadda har direba kan kashe mota ya fito ya sayi gyaɗa.

Inda irin wannan nazari ya fi yin tuntuɓe a ƙasarmu shi ne a ƙirga ƙarfe a manta da mutum. In ba a ƙirga masu tsallaka titi ba, da masu jiran mota, da yawan fasinjan da ke cikin kowace mota, to rahoton zai fito yana cewa matsalar ƙarancin kwalta ce, tunda abin da aka auna ke nan.

Amma hanyar ai tana da faɗi. Ta yaya take toshewa?

Layi ɗaya na babbar hanya, in komai na tafiya daidai, yana iya wuce da ƙananan motoci kimanin 1,800 zuwa 2,000 a sa'a. A ce layi uku ne, wajen 6,000 ke nan. Sai dai hanya kamar bututun ruwa take, inda ta fi matsewa shi ke yanke abin da zai fita.

Tsaya ƙarƙashin gadar Mararaba da misalin bakwai na safe ka gani da idonka. Bas ta tsaya a layin dama tana lodi, kwandasta ya rataye a ƙofa yana kiran "AYA! Area One!". Bayanta wani mai ƙaramar mota, ma'aikaci ne da ke neman kuɗin mai, ya sauke gilashi yana ɗaukar 'yan "alon", wato fasinjojin da ke tare mota a bakin hanya. Tunda layin farko ya cika, na gaba sai ya tsaya a layi na biyu. Mai lemo ta ajiye tire a inda ya kamata mai tafiya a ƙasa ya bi, shi kuma ya sauko kan kwalta. Ɗan acaba ya ɓullo ta hannun da ba nasa ba. Layi uku ya koma ɗaya da rabi.

Yanzu yi lissafi. In motoci 4,000 ke isowa wurin a sa'a, amma 3,000 kaɗai ke iya ficewa, dubu ɗaya ke taruwa duk sa'a. Kowace mota da tazararta a ce mita 7, ka ga kilomita 7 na ƙarfe ke nan, in aka raba layi uku ya haura kilomita 2. Cikin sa'a uku jerin ya wuce kilomita 6, ba tare da an yi haɗari ko mota ta lalace ba. Haka ma shingen bincike yake yi. Waɗanda suka bi hanyar bayan harin bam na tashar Nyanya na 14 ga Afrilu, 2014, da wanda ya biyo baya ranar 1 ga Mayu, ba su manta irin sa'o'in da aka riƙa shafewa a shingayen jami'an tsaro ba.

To a ƙara faɗaɗa ta mana, a huta.

An yi, kuma yana da amfani a wuraren da suka matse. Kwangilar mayar da hanyar Keffi zuwa Akwanga, Lafia da Makurdi tagwaye, wadda kamfanin China Harbour ya yi, ta haɗa da faɗaɗa kilomita 5.4 na ɓangaren Abuja. Amma akwai wani abu da masana suka daɗe da lura da shi: sabon layi yakan haifo sabbin motoci. Da zarar tafiya ta yi sauƙi, mai hawa bas ya fito da motarsa, mai sammako ya daina, mai neman fili ya ƙara nausawa gaba ya gina a Kuchikau tunda "ai yanzu hanya ta yi kyau". Bayan 'yan shekaru an koma gidan jiya.

Masanin tattalin arziƙi Anthony Downs ya bayyana wannan tun 1962, sannan a 2011 Gilles Duranton da Matthew Turner suka binciki biranen Amurka suka tarar tafiye-tafiyen mota na ƙaruwa kusan daidai da yadda aka ƙara tituna. Misalin da aka fi kawowa shi ne babbar hanyar Katy a birnin Hustan na jihar Tekzas: an gama faɗaɗa ta a 2008 har ta kai layi 26 a wani wuri in aka haɗa da layukan gefe, amma cikin 'yan shekaru lokacin tafiya a sa'o'in cunkoso ya sake hawa. In layi 26 bai ishi Hustan ba, ban ga adadin da zai ishi Mararaba ba muddin ana lodi a kan kwalta.

Tunda motoci ba sa gudu saboda cunkoso, me ya sa ake ta haɗari?

Domin hanyar fuska biyu gare ta. A cikin gosulo guga ce da fashewar fitila da zage-zage. Mummunan haɗari yakan zo ne lokacin da hanya ta buɗe, tsakar rana, cikin dare ko ranar Lahadi, inda direba ke ganin yana kan babbar hanya mai iyakar gudun kilomita 100, alhali yana ratsa tsakiyar kasuwa ne, inda ƙa'idar tuƙi ta ce 50. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk ƙarin kashi 1 cikin ɗari a matsakaicin gudu na ƙara yiwuwar haɗari mai kisa da kashi 4, kuma haɗarin mutuwar wanda mota ta buge yana ninkawa sau huɗu da rabi daga gudun 50 zuwa 65. Rahotonta na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a tituna duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur.

Sai kuma gangaren Kugbo. Mai fitowa daga AYA yana saukowa ne daga tudu, kuma a ƙasan gangaren ne jerin motoci ke tsaye. Babbar mota mai nauyin kaya in birki ya shanye mata a nan, ba ta da inda za ta nufa sai bayan mutane. Abin da ya faru ke nan a gadar Karu da yammacin 19 ga Maris, 2025, cikin azumi, lokacin da wata babbar mota ta ƙwace ta afka wa motocin da ke cikin cunkoso, wuta ta tashi, aka yi asarar rayuka da motoci da dama. Irin wannan gangare a wasu ƙasashe akan yi masa wata 'yar hanya a gefe mai cike da yashi ko tsakuwa, inda motar da birkinta ya tsinke za ta faɗa ta tsaya. Akan kuma hana manyan motoci bi a sa'o'in cunkoso, a duba birkinsu kafin su fara gangarowa.

Ga gadar tsallakawa an gina, mutane ba sa hawa. Ba taurin kai ba ne?

Akwai taurin kan, ba a musu. Amma ka dubi tsohuwa da buhun doya a ka, ko mai ciki tana jan yaro, ko mai keken guragu, ka ce su taka rabin kilomita zuwa gada, su hau matakala, su ratsa 'yan talla da suka baje koli a kai, su sauko, su sake takowa baya. Da dare kuma gada marar fitila ba wurin da mace za ta so bi ita kaɗai ba ne. Mai nazari na ƙwarai yakan fara duba inda ƙafa ta riga ta yi turba, inda aka ɓalle waya ko aka fasa katangar tsakiyar titi, domin nan ne mutane ke buƙatar tsallakawa. Gadar da aka kafa a inda ya fi wa ɗan kwangila sauƙi ta zama inuwar masu sayar da rake.

Wa ke da alhakin hanyar?

Ta gwamnatin tarayya ce, ƙarƙashin Ma'aikatar Ayyuka. Amma daga AYA zuwa Nyanya ƙasar birnin tarayya ce, daga Mararaba kuma ta jihar Nasarawa, wadda aka ƙirƙiro a 1996. Kasuwanni da tashoshi kuwa ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin direbobi na da ta cewa. Mai kwalta daban, mai ba da izinin gini a bakinta daban, mai karɓar kuɗin tasha daban. Legas ta rage irin wannan rarrabuwa da hukuma ɗaya mai tsara sufuri, LAMATA. Tsakanin Abuja da Karu ana buƙatar teburin da dukkansu za su zauna a kai.

Wane gyara ne zai fi tasiri?

A ganina a fara da raba ayyuka biyun da hanyar ke yi. Mai wucewa ya bi layukan tsakiya, mai saukewa da ɗauka da shiga unguwa ya bi layin gefe, da katanga a tsakani wadda bas ba za ta iya hayewa ba. Wuraren lodi su koma bayan kwalta, amma kusa, don tashar da aka kai nesa da fasinja direba ba zai shige ta ba. 'Yan kasuwa ma haka: kora kaɗai ba ta wuce mako biyu in ba a ba su wurin da ciniki zai same su ba. A rage ƙofofin gidajen mai da shaguna masu buɗewa kai tsaye kan titi, a gyara wuraren juyawa, a sa fitilu, a yashe magudanan ruwa kafin damina. A ƙananan mahaɗu na cikin unguwa shataletale na taimakawa, domin mahaɗa mai hannu huɗu tana da wurare 32 da motoci ke iya karo, shataletale kuwa 8.

Babban aikin shi ne kwasar mutane da yawa a mota kaɗan. Doguwar bas ɗaya na ɗaukar abin da ƙananan motoci ashirin ko talatin ke ɗauka, amma ba wanda zai ajiye motarsa ya hau bas ɗin da ita ma ke maƙale a gosulo. Sai an ware mata layinta, kamar yadda Kuritiba ta Birazil ta fara a 1974, Bogota ta bi a 2000, Legas kuma ta buɗe nata daga Mile 12 zuwa CMS a Maris 2008. Jirgin ƙasan cikin birnin Abuja da aka ƙaddamar a 2018 ya nufi filin jirgi da ɓangaren Kubwa, bai zo Nyanya ba. Hanyar Apo zuwa Karshi, wadda aka bayar da kwangilarta a 2011 don ta zama ƙofa ta biyu, ta haura shekara goma ana jiran ta.

Ta yaya za mu san gyara ya yi aiki?

A sake aunawa da ma'aunin farko, bayan shekara ɗaya, sannan bayan uku, kuma a buga sakamakon kowa ya gani. Minti nawa daga Masaka zuwa AYA da bakwai na safiyar Litinin, a bas da kuma a ƙaramar mota? Mutum nawa, ba mota nawa ba, ke wuce gadar Nyanya a sa'a? Nawa aka buge suna tsallakawa, a ina, da ƙarfe nawa? Wannan na ƙarshen ya dogara da rahoto, shi ya sa kiran 122, lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra, yake da amfani ko da an riga an kwashi waɗanda suka ji rauni a motar wani bawan Allah. Haɗarin da aka sasanta a bakin titi aka watse ba ya hawa taswira, kuma injiniyan da zai zo badi da taswirar zai yi aiki.