Tarukan Masana da na Ɗalibai kan Tarihin Fasaha da Adana Kayan Tarihi

Tarukan masana kan tarihin fasaha da adana kayan tarihi zama ne da ake shiryawa lokaci-lokaci, inda masu nazarin zane da sassaƙa da saƙa da gini suke haɗuwa da masu aikin kula da waɗannan kaya don kada su lalace. Kowa yakan baje abin da ya gano, a yi masa tambayoyi, a gyara masa inda ya kauce. Fannonin biyu Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Masanin tarihin fasaha yana tambayar wane ne ya yi abu, a wane zamani, kuma me yake nufi ga mutanensa. Mai adanawa kuwa tambayarsa ita ce da me aka yi shi, me yake cinye shi, kuma yaya za a tsayar da ɓarnar ba tare da an sauya masa kama ba. Ɗalibai ma suna da nasu tarukan, waɗanda a ciki suke koyon tsayuwa gaban jama'a da kuma taɓa tsohon abu da hannu.

Asalinsu

A birnin Biyana na ƙasar Ostiriya aka yi babban taron duniya na farko kan tarihin fasaha, a shekarar 1873. Kwamitin duniya na masana tarihin fasaha, CIHA, wanda aka kafa a 1930, shi yake riƙe da wannan taro har yau, kusan duk bayan shekara huɗu. An yi shi a Beijin a 2016, aka yi a Liyon ta Faransa a 2024. A Amurka akwai ƙungiyar CAA ta malaman fasaha na jami'o'i, wadda aka kafa a 1911, mai taro kowace shekara.

Ɓangaren adanawa ya yi ƙarfi ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da Turai ta waiwaya ta ga irin gine-gine da kayan da wuta ta lashe. An kafa majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, a 1946, sai cibiyar IIC ta masu adana kayan tarihi a Landan a 1950, sai ICCROM, cibiyar nazarin adanawa da gyaran kayan al'adu, da ta zauna a Rum a 1959. Taron da aka yi a Benis ta Italiya a 1964 shi ya fitar da yarjejeniyar da ta zama madubin masu gyaran tsofaffin gine-gine: a gyara kaɗan gwargwadon larura, kada a ƙirƙiro abin da babu shaidarsa, kuma sabon aiki ya kasance ana iya bambanta shi da na asali. Shekara guda bayan haka aka kafa ICOMOS, majalisar duniya kan tsofaffin gine-gine da wuraren tarihi, don bin diddigin wannan aiki.

Wannan ƙa'ida an yanka ta ne daidai wuyan ginin dutse. Da aka zo kan ginin katako da na ƙasa, waɗanda rayuwarsu ta dogara ga sabuntawa, sai ta ƙi shiga. Taron Nara na ƙasar Japan a 1994 ya buɗe ƙofa, inda aka amince cewa kowace al'umma tana da ma'auninta na abin da ake kira asali, kuma sana'ar da ake gadonta tana cikin wannan ma'auni. Ga Bakano wannan magana ba baƙuwa ba ce. Soron da ake yi wa yaɓe duk shekara kafin damina, ƙasar da take fuskarsa ta bana ce, amma ba mai cewa ba soron kakanni ba ne. Jerin tarukan Terra kan ginin ƙasa, wanda aka fara a Yazd ta Iran a 1972, ya iso Bamako ta Mali a 2008, a ƙasar da jama'ar Jenne suke fitowa kwansu da kwarkwata kowace shekara su yaɓe babban masallacinsu.

Taron fasahar Afirka da ake yi duk bayan shekara uku a Amurka, wanda ƙungiyar ACASA ta masana fasahar Afirka take shiryawa, ya faro tun 1968, amma bai taka ƙasar Afirka ba sai a 2017, a jami'ar Gana da ke Legon. Kusan shekara hamsin ke nan ana tattauna kayan mutane a inda mafi yawansu ba su da kuɗin jirgi ko bizar zuwa.

A Nijeriya

Hukumar kula da kayan tarihi ta soma a 1943 ƙarƙashin wani Baturen Ingila, Kenneth Murray, aka buɗe gidan tarihi na Jos a 1952, sannan a 1979 aka kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa. Jos ta daɗe tana horar da ma'aikatan gidajen tarihi, kuma a can ne aka gina kwaikwayon wani yanki na ganuwar Kano da na Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. Bikin FESTAC na 1977 ya haɗa da zaman masana a Legas, aka yi hawan dawakinsa a Kaduna.

Abin da ya fi kowanne tasiri a fasahar zamani ta ƙasar nan kuwa ɗalibai ne suka yi shi. A 1958 wasu matasa a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Sukan zauna bayan darasi su yi muhawara kan dalilin da zai sa a koya musu zanen Turai zalla alhali kowannensu ya baro zanen gidansu. Ƙungiyar ba ta wuce 'yan shekaru ba, amma ra'ayinta na haɗa dabarar waje da gadon gida shi ya raini masu zane na bayan 'yancin kai.

A birnin Kano

Kano ba ta rasa abin da za a yi taro a kansa ba. Kundin Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwa, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), aka ƙara a ƙarni na 17. Ga Gidan Rumfa, ga Gidan Makama da ya zama gidan tarihi, ga Kasuwar Kurmi, ga marinar Ƙofar Mata da ake danganta kafuwarta da 1498, ga Gidan Ɗan Hausa inda Hanns Vischer, Baturen ilimi na zamanin mulkin mallaka, ya zauna, wanda yanzu yake hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano. Tun 2007 ganuwa da wuraren da suke tare da ita suna cikin jerin jiran shiga kundin UNESCO na wuraren tarihi na duniya, hawan sallar Kano kuma ya shiga kundin al'adun da ake gado a Disambar 2024.

Taron da aka fi tunawa shi ne na ƙasa da ƙasa kan tarihin Kano da Jami'ar Bayero ta shirya a 1981. Takardunsa sun fito a littafi a 1983, wanda Bawuro Barkindo ya tace, shi da kansa kuma ya rubuta babin da ya bi ƙofofin gari ɗaya bayan ɗaya. Duk ɗalibin da zai yi rubutu kan ganuwa a yau, da wuya bai bi ta kan wannan aiki ba. Tsohuwar harabar jami'ar tana daura da ganuwar ta wajen Kabuga da Dukawuya, don haka mai gabatar da takarda titi kawai zai tsallaka ya ga abin da yake magana a kai: inda ruwa ya zaizaye, inda aka ɗebi ƙasa aka yi bulo, inda gini ya hau kan badala. An rushe wasu ƙofofin don faɗaɗa titi, aka sake tayar da su da siminti. Ko ƙofar da aka sake ginawa haka tana nan a matsayin kayan tarihi, ko ta koma alama kawai, wannan tambaya ce da takan raba kan mahalarta, kuma ta cancanci a raba kai a kanta.

Batu na biyu da ya fi jan masana shi ne rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami. Dubbansu suna gidajen malamai a cikin birni, a gafaka ko a adaka. Na Malam Umar Falke, attajiri kuma malamin da ya rasu a 1962, sun haura dubu uku, kuma yanzu suna jami'ar Northwestern a Amurka. A taron bita kan irin waɗannan takardu, abu na farko da ake koya wa mutum shi ne ya wanke hannu ya busar. Littafin ƙasar Hausa ba a ɗinke shi, warƙoƙi ne a sake cikin tadarishi, wato marufin fata, kuma babu lambar shafi. Marubucin yakan sa kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan wanda ya gabata, da ita ake mayar da warƙar da ta ɓace wa 'yan'uwanta. A ɗaga takardar a hasken taga, sau da yawa sai a ga tambarin jinjirin wata uku a jikinta, shaidar cewa daga Italiya ta fito ta ratso Sahara. A duba tawadar: ta gawayi da ƙaro tana zaune lafiya amma ba ta son danshi, mai sinadarin ƙarfe kuwa a hankali take cin takardar har harafi ya zama huda. Ana share ƙura da burushi mai laushi, a sa a kwali marar sinadarin da ke ƙona takarda, a ɗaga daga ƙasa saboda gara. Salatif da like takarda cikin leda da zafi, waɗanda mutane suke yi da kyakkyawar niyya, suna cikin abin da ya fi kashe ta.

Yadda ake gudanar da su

Akan fara da sanarwar neman takardu, mai sha'awa ya aiko da tsakure, kwamiti ya tace. Ranar buɗewa ta manyan baƙi ce da jawabai. Aikin gaske yana ƙananan zaurukan da ake rarrabuwa, inda shugaban zama yakan ba kowa minti 15 zuwa 20, mai sharhi ya biyo baya, sannan a buɗe fili. A Kano ɗalibi ba ya miƙewa ya ce wa farfesa ya yi kuskure. Sai ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ina neman ƙarin haske," sannan ya ajiye hujjarsa, kuma duk wanda yake zauren ya san gyara aka yi. A ƙarshe a karanta takardar bayan taro, a yi alkawarin buga kundi. Taron da kundinsa bai fito ba, iliminsa yakan watse tare da mahalartansa.

Na ɗalibai

Ranar 18 ga Afrilu ita ce ta wuraren tarihi ta duniya, 18 ga Mayu kuma ta gidajen tarihi, wadda ICOM ta tsayar tun 1977. A irin waɗannan ranaku akan shirya lacca da kacici-kacici da ziyarar gani da ido. Makarantun firamare da sakandare sukan kai yara Gidan Makama da Dutsen Dala, ƙungiyoyin ɗaliban tarihi da na Hausa sukan yi makonsu, masu karatun zane kuma su yi baje kolin kammala karatu. A Amurka da Kanada, makarantun da suke koyar da adana kaya suna da taron shekara-shekara wanda ɗalibai ne suke gabatar da aikinsu, malamai suna sauraro.

Mafi amfanin zaman ɗalibai a Kano shi ne wanda ake yi a gindin bango tare da magini. A nan ɗalibin zanen gine-gine zai ga yadda ake cuɗa ƙasa da ciyawa a bar ta ta kwana tana tsimuwa, yadda ake mulmula tubali a shanya, yadda ake jera azarar giginya wadda gara ba ta cika yi mata illa ba, da yadda ake jiƙa makuba daga kwasfar ɗorawa don ruwa ya zame daga jikin gini. Zai ji sunan kowane abu a bakin mai shi: zanko, indararo, bakan gizo, ɗaurin guga. Zai kuma gane dalilin da ya sa shafen siminti a kan bangon ƙasa yake cuta, domin yana kulle danshi a ciki har bangon ya ruɓe ta baya, wata rana ɓawon ya faɗo gaba ɗaya.

A nan ne babban giɓin tarukan yake. Yawancinsu da Ingilishi ake yi, a zauren jami'a ko na otal, alhali masu riƙe da sanin, wato magina da marina da dukawa da masu zayyanar Alƙur'ani, da Hausa suke aiki, kuma akasari akan gayyato su ne su yi nuni a bakin ƙofa lokacin shan shayi. Marinin da ya san ƙamshin baba idan ta nuna a karofi yana da abin faɗa a kan teburin da ake tattauna rini, kuma fassara tsakanin Hausa da Ingilishi ba ta fi ƙarfin kowace jami'a a Kano ba. Yawan masu wannan sani yana raguwa, ramukan rini da dama a Ƙofar Mata sun daina aiki, 'ya'yan magina da yawa kuma sun koma aikin bulo da siminti.