Rangwamen Kuɗin Fito ga Kayan Ƙasashe Masu Tasowa

Rangwamen kuɗin fito tsari ne da ƙasashe masu arziki ke bi su yafe, ko su rage, harajin kwastam a kan kayan da suka fito daga ƙasashe masu tasowa, ba tare da sun nemi a rama musu ba. An amince da manufar a taron UNCTAD, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ciniki da ci gaba, na birnin New Delhi a 1968. Tarayyar kasuwancin Turai ta fara aiki da ita a 1971, Amurka ta biyo baya a 1976 da nata shirin rangwamen mai suna GSP. Da yake ƙa'idar cinikin duniya ta hana fifita wata ƙasa a kan wata, sai da aka yi wa tsarin gurbi na dindindin a yarjejeniyar GATT, ta kuɗin fito da cinikin ƙasa da ƙasa, a 1979.

Ana yawan kiran tsarin taimako ga matalautan ƙasashe, amma wanda ya fara cin moriyarsa shi ne mai shigo da kaya. Kuɗin fito ba mai sayarwa ke biya ba. Kamfanin da ya karɓi kaya a tashar jirgin ruwa ta Rotterdam ko New York shi kwastam ke bi, don haka in an yafe, a aljihunsa kuɗin ke zama. A Amurka harajin wasu tufafin zaren roba yakan kai kashi 32 cikin ɗari. Ke nan mai odar riguna na dala dubu ɗari zai iya tsira da dala dubu 32 idan ya ɗinko su a ƙasar da aka yi wa rangwame. Wannan tazarar ce ta cika Lesotho da Kenya da masana'antun ɗinki bayan da Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a dokar AGOA, wadda ta yafe wa kayan ƙasashen Afirka da dama kuɗin fito, a 2000, musamman da aka yarje musu su sayo yadi daga Asiya su ɗinka a gida. Da rarar, kamfani zai iya karya farashi ya ƙwace kasuwa, ko ya riƙe ta a matsayin riba, ko ya rage dogaro da ƙasa guda wajen sayen kaya. Masana'antu ma na amfana, don kayan sarrafawa na zuwa musu da sauƙi.

Kason manomi ko mai jima yana zuwa ne a kaikaice, ta hanyar ƙaruwar oda, kuma sai ya bi ta hannun dillalai. Ga manomin riɗi da ke kai buhunansa kasuwar Mai'adua ko Mashi, daga nan a loda su zuwa Dawanau, akwai abin lura: ɗanyen riɗi dama ba a karɓar masa kuɗin fito a Turai ko daga ina ya fito. Inda babu haraji, babu abin yafewa. Rangwamen ya fi yin tasiri a kan kayan da aka sarrafa, kamar takalmi da jakar fata, tufafi, da man koko, domin a nan ne haraji ke hawa.

Sharaɗi mafi nauyi shi ne na asalin kaya. Dole a nuna cewa a ƙasar aka noma su ko aka ƙera su, ba wucewa kawai suka yi ba. Dokar Amurka ta nemi aƙalla kashi 35 cikin ɗari na darajar kayan ya samo asali daga ƙasar da ke cin moriyar shirin. Tarayyar Turai ta daɗe tana karɓar takardar shaida da ake kira Form A, daga 2017 ta koma tsarin REX, inda mai fitar da kaya ke yin rajista ya ba da shaida da kansa. In bincike ya nuna shaidar ta bogi ce, mai shigo da kayan ne zai biya harajin baya, shi ya sa manyan kamfanoni ke tsananta binciken masu sayar musu. Yafe haraji kuma bai ɗauke ƙa'idar inganci ba: a 2015 Turai ta hana shigar busasshen waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa.

Katsina da Maraɗi gari ɗaya ne a wajen ciniki da auratayya, amma a takardar kwastam ɗin Turai ba ajinsu ɗaya ba. Nijar na cikin ƙasashe mafiya ƙarancin ci gaba, saboda haka shirin da Turai ta kafa a 2001 ya yafe wa duk kayanta haraji, ban da makamai. Najeriya kuwa tana matakin gama-gari, inda wasu kayan ragi kawai ake musu, kuma ba ta sa hannu a yarjejeniyar EPA ta ciniki da Turai ba, wadda Ghana da Kwaddibuwa suka shiga. Shi ya sa sarrafaffen kokon Ghana da Kwaddibuwa ke shiga Turai ba haraji, na Najeriya na biya. Ingila, bayan ficewarta daga Tarayyar Turai, ta fito da nata shirin mai suna DCTS a 2023, wanda ya faɗaɗa wa Najeriya rangwame.

Babban raunin tsarin shi ne kyauta ce, mai bayarwa na iya janye ta. Amurka ta cire Indiya daga GSP a 2019, ta kuma cire Nijar daga AGOA daga farkon 2024 bayan juyin mulki. Wa'adin GSP ɗin ma ya ƙare a ƙarshen 2020. A lokutan baya da irin haka ta faru, kamar 2015 da 2018, majalisar Amurka ta sabunta shirin aka mayar wa kamfanoni kuɗin da suka biya a tsakani, sai dai kamfanin da jarinsa bai da kauri ba ya iya jiran watanni kuɗinsa na kwance a hannun kwastam. Kamfanoni kan ji tsoron ƙulla odar shekaru da masana'antar da ba a san makomar rangwamenta ba.