Gajiyar da hutu ba ya magani

Wata baiwar Allah ta taɓa zuwa wurina da ƙorafin ciwon kai da kasala. Shekarunta talatin da 'yan kai, ma'aikaciyar lissafin kuɗi ce a wani ofis. An auna jininta, an duba suga, an duba hawan jini, komai lafiya lau. Na dube ta na ce, "Malama, gajiya ce kawai. Ki nemi hutu, ki samu barci sosai." Ta bi shawara, ta ɗauki hutun mako biyu. Kwana uku da komawarta bakin aiki sai ga ta ta dawo, idanu sun faɗa. Ta ce, "Malam, wallahi na huta. Amma ina taka ƙofar ofishin nan na ji kamar ban taɓa barin wurin ba."

A ranar ne na yi mata tambayar da ya kamata in yi tun farko. Na ce ta kwashe mini yadda wuninta yake, daga tashi har kwanciya.

Ta ce tun da dare take tsara gaisuwar da za ta yi wa abokan aiki da safe, da amsar da za ta bayar in an ja ta da wasa. A saman teburinta akwai wata doguwar fitilar lantarki mai tsiririyar ƙara, ba wanda ke jin ta sai ita, ita kuwa kamar sauro a cikin kunne. In ana taro, tana ƙirga daƙiƙu a zuci: ta kalli idon mai magana, ta kawar, ta sake kallo, don kada a ce ba ta da ladabi ko tana da girman kai. Sau biyu a rana takan shiga banɗaki, ta kashe wuta, ta tsaya minti goma ba don wata buƙata ba. Da ta koma gida, ko amsa sallama sai ta yi da gaske. Na ce, to, lissafin fa? Ta yi murmushi karon farko. Ta ce, "Ai lissafin shi ne hutuna."

Ashe aiki biyu take yi, na ɗaya ake biyanta. Na biyun, wato ƙoƙarin zama kamar kowa, shi ne ke cinye ta.

Wannan irin gajiyar tana da suna a fannin lafiya. Kalmar da Turawa suka raɗa mata tana nufin abin da ya ci wuta har ya ƙone ƙurmus. Ni nakan ce mata ƙarewar karsashi. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Herbert Freudenberger, ya yi rubutu a kanta a 1974, bayan ya ga yadda masu aikin sa-kai a wani asibitin kyauta a Niyok suke farawa da zumuɗi, a hankali su koma kamar fanko. A 1981 Christina Maslach da abokiyar aikinta Susan Jackson suka fitar da ma'aunin da har yau ake gwada ta da shi. A 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace ta a kundinta na rarrabe cututtuka bugu na 11. Abin lura a nan, hukumar ba ta kira ta cuta ba. Cewa ta yi yanayi ne da ke tasowa daga matsin aiki mai tsawo wanda ba a shawo kansa ba, kuma ta ba shi alamu uku: ƙarfi ya tsiyaye, zuciya ta yi nesa da aikin har mutum ya fara jin haushinsa ko ya daina damuwa da shi, sannan ƙwazo ya ragu.

Alama ta biyun nan ita ce mutane suka fi jahilta. Malamin makarantar da a da yake zama bayan an tashi don ya taimaki yaro, yanzu ko sunan yaran ba ya son ji. Ma'aikaciyar jinyar da aka sani da taushin hali ta koma tsawa. Sai a ce halinta ya canja, ko ta samu wuri. Sau da yawa ba haka ba ne. Zuciya ce ta ga ba ta da sauran abin bayarwa, ta rufe ƙofa.

Kada kuma a ɗauka abin a rai kawai yake tsayawa. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da ƙiyasin cewa aikin awa 55 ko fiye a mako ya jawo mutuwar mutum 745,000 a shekarar 2016, ta hanyar shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya. Mai irin wannan aikin, haɗarin shanyewar ɓarin jiki a gare shi ya ɗara na mai yin awa 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin ɗari. Jiki magayi. Hukumar ta kuma ƙiyasta cewa ciwon damuwa da fargaba suna cinye ranakun aiki biliyan 12 a duniya kowace shekara.

Sai dai ita wannan baiwar Allah ba awa 55 take yi ba. Lokacin aikinta daidai yake da na kowa, kuma na kusa da ita a ofis ba su ƙone ba. A nan ne maganar bambancin ƙwaƙwalwa ta shigo.

Kamar yadda mutane suka bambanta a tsawo da murya, haka suka bambanta a yadda ƙwaƙwalwarsu ke karɓar ƙara da haske, da yadda take tattara hankali, da yadda take karanta rubutu ko fuskar mutum. A ƙarshen shekarun 1990 aka fara yayata wannan fahimtar da suna guda, wato bambancin ƙwaƙwalwa, kuma ana yawan danganta yaɗuwarta da wata masaniyar zamantakewa 'yar Ostireliya, Judy Singer. Ƙarƙashinta akwai otizim, wanda wasu ke kira galahanga, wato bambanci a yadda mutum ke mu'amala da jama'a da yadda yake jin ƙara, haske ko taɓi. Akwai ADHD, wato wahalar tsayar da hankali wuri guda, wani lokaci haɗe da yawan kazar-kazar da yanke hukunci cikin gaggawa. Akwai disleksiya, inda mutum mai kaifin basira yake shan wuya wajen karatu da haɗa haruffa. Akwai wasu ma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da otizim. ADHD kuwa ana ƙiyasta shi a wajen kashi 5 cikin ɗari na yara, da kusan rabin haka a manya. Yaran nan girma suke yi, su yi karatu, su kama aiki, su yi aure. Da yawansu ba a taɓa gano su ba, musamman mata, waɗanda sukan iya ɓoyewa tun suna ƙanana.

(Tunda maganar ta zo: allurar rigakafi ba ta jawo otizim. Rahoton da ya haddasa wannan jita-jitar a Ingila a 1998, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010, an kuma soke lasisin likitan da ya jagorance shi. Rashin tarbiyya ma ba ya jawo shi. Uwa ta daina ɗora wa kanta laifi.)

Ni ban yarda da masu cewa duk wannan baiwa ce zalla ba. Akwai mai otizim da ba ya magana, yana buƙatar mai kula da shi har ƙarshen rayuwa, kuma iyalinsa sun san nauyin da suke ɗauke da shi. Akwai mai ADHD da ya rasa aiki uku saboda makara da mantuwa. Faɗin cewa babu wahala cin fuska ne gare su. Amma ban yarda da masu ganin lalacewa ce zalla ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Mutumin da hayaniyar taro ke rikita shi, shi ne zai gano kuskuren lamba ɗaya a shafi ɗari. Wanda ba ya iya cike takarda kan lokaci, in gaggawa ta taso kowa ya daburce, shi ne kansa ke daidai. Babban ɓangare na wahalarsu yana zuwa ne daga wurin da aka ajiye su, wurin da aka tsara shi don irin ƙwaƙwalwa guda.

Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Ga waɗannan bayin Allah, fuskar ta daɗe da koyon ƙarya. Suna danne motsin hannu ko na ƙafa da ke kwantar musu da hankali. Suna dariya a inda suka ga an yi dariya. Mai disleksiya zai karanta saƙo sau biyar kafin ya tura, ya ce ya manta tabarau in an ce ya karanta a gaban jama'a. Mai ADHD zai raba dare yana rama aikin da ya kasa farawa da rana, gobe ya zo da murmushi. Kowane ɗaya ƙaramin abu ne, amma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, balle a tara su shekara goma.

In tura ta kai bango, abin da ke biyo baya yakan zarce ƙarewar karsashin aiki da muka saba gani. A 2020 Dora Raymaker da abokan bincikenta a Amurka sun tattara bayanan manya masu otizim a kan wannan hali, suka fitar da siffofi uku: gajiya mai tsanani da ke ɗaukar watanni, yawanci uku ko fiye, suɓucewar abubuwan da mutum ya iya a da, da raguwar juriya ga ƙara, haske, taɓi ko wari. Suɓucewar nan ita ta fi tsoratar da iyali. Mutumin da ke tuƙi, yana tsara harkokin gida, sai a wayi gari amsa waya ta gagare shi, wanka ya zama aiki, kalma ta maƙale a baki. Ba iskanci ba ne, ba kuma lalaci ba.

Yaya za a bambanta wannan da ciwon damuwa? Ba kullum ake iyawa ba, kuma sukan haɗu a mutum ɗaya. Amma ga abin da nake dubawa. Mai ƙarewar karsashi, in aka raba shi da abin da ke matsa masa, yakan ɗan farfaɗo, kuma yana son abubuwan da yake so, ƙarfin yi ne babu. Mai ciwon damuwa, duhun yana bin sa duk inda ya je, abin da ke faranta masa rai a da ya daina, yana ganin kansa ba shi da amfani. In haka ta kai mako biyu kusan kullum, a je asibiti. Kafin ma a yanke cewa gajiyar ta ƙwaƙwalwa ce, a duba jiki: ƙarancin jini, ciwon suga, matsalar tayrod (wani ɗan sashen jiki da ke gaban wuyan mutum), da ɗaukewar numfashi cikin barci duk suna kawo kasala. Wanda kuma ya fara tunanin gara ya mutu, ko ya cutar da kansa, wannan ba maganar jira ba ce. Ya faɗa wa wani a yau, a kai shi wurin ma'aikatan lafiya a yau. In kai ne aka faɗa wa, kada ka yi masa faɗa, kada ka bar shi shi kaɗai.

Ga mai ɗauke da gajiyar, shawarata ta farko ba hutu ba ce. Ka samu takarda, ka yi mako guda kana rubuta abin da ya zuƙe maka ƙarfi da abin da ya mayar maka da shi, komai ƙanƙantarsa. Za ka sha mamaki. Mutane da yawa suna zaton yawan aiki ne, sai takarda ta nuna kiran wayar ba-zata ne, ko umarnin da ake bayarwa a tsaitsaye ba a rubuce ba. Daga nan ka zaɓi abu ɗaya ko biyu ka nemi a canja. Ba dole ne ka bayyana wa shugabanka sunan lalurarka ba. Wannan sirrinka ne, kuma ba kowane wurin aiki ne ya cancanci a ba shi ba. Kana iya cewa, "Ranka ya daɗe, na fi gane aiki in an turo mini a rubuce." Barci kuma a kiyaye shi, babba yana buƙatar awa 7 ko fiye. Abubuwan ƙara kuzari da ƙwayoyin barcin da ake sha ba da izinin likita ba, bashi ne ake ci daga jiki, kuma da ruwa yake karɓa. A guji yanke wa kai hukunci daga gajerun bidiyon intanet. Suna iya sa mutum ya fara tambaya, amma tantance otizim ko ADHD aikin ƙwararre ne, wanda zai bi tarihinka tun daga yarinta.

Shugabannin wurin aiki kuwa, da ku nake da babbar magana. Maslach da abokin bincikenta Michael Leiter sun nuna wurare shida da matsalar ke tsirowa: nauyin aiki, rashin ta-cewa a kan yadda za a yi shi, rashin sakamako ko yabo, lalacewar zama da abokan aiki, rashin adalci, da saɓani tsakanin abin da mutum ya yarda da shi da abin da ake sa shi yi. Ku duba, ba ko ɗaya da ma'aikaci zai gyara shi kaɗai. Shi ya sa nake jin takaici in na ga an tara ma'aikatan da suka galabaita an koya musu jan numfashi, sannan a mayar da mutum ɗaya kan aikin mutum uku. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 kan lafiyar ƙwaƙwalwa a wurin aiki ta ba da shawarar gyara tsarin aikin kansa, da horar da shugabanni, da yi wa mai lalura sassaucin da ya dace. Yawancin sassaucin nan ba ya cin ko sisi: a sanar da taro tun da wuri tare da abin da za a tattauna, a bar mutum ya toshe kunne in yana aikin natsuwa, a raba babban aiki gida-gida kowanne da ranarsa, a daina kira bayan an tashi sai da larura.

A gida kuma, in ya shigo ya yi shiru, a ba shi rabin awa kafin a tare shi da buƙatu. A daina cewa "kowa ma yana gajiya". Gaskiya ne, amma ba kaya iri ɗaya aka ɗauko ba.

Baiwar Allahn nan na tura ta wurin ƙwararre, bayan zama da yawa aka tabbatar tana da otizim. Ba ta faɗa wa kowa a ofis ba. Abu biyu kawai ta nema: a mayar da teburinta kusa da taga, nesa da fitilar nan, kuma a riƙa turo mata aiki a rubuce. An yi mata na farko nan take, na biyu sai da ta yi ta tunatarwa. Da na sake ganinta bayan wasu watanni, ciwon kan bai tafi gaba ɗaya ba, kuma har yanzu taro yana ba ta wuya. Na tambaye ta banɗakin fa. Ta ce yanzu sau ɗaya take shiga, wata rana ma mantawa take yi.