Umarnin docker compose rm

Umarnin `docker compose rm` shi ne ake bugawa a layin umarni domin goge kwantenonin da suka tsaya a manhajar da Docker Compose ke gudanarwa. Kwantena keɓaɓɓen wuri ne a cikin kwamfuta inda manhajar Docker ke gudanar da wata manhaja tare da duk abin da take buƙata, Docker Compose kuwa shi ne kayan aikin da ke sarrafa kwantenoni da yawa tare. Irin wannan manhaja takan ƙunshi sassa da yawa, misali sashen da ke amsa buƙatun yanar gizo da sashen rumbun bayanai, kowanne a cikin kwantenarsa, kuma galibi ana bayyana su duka a fayil ɗaya mai suna `compose.yaml`. Compose ya samo asali ne daga Fig, manhajar kamfanin Orchard da kamfanin Docker ya saya a 2014. An rubuta sigar farko da harshen Python, ana kiranta da `docker-compose`, sannan aka sake gina ta da harshen Go, aka daina sabunta tsohuwar a 2023.

Tsayar da kwantena ba ya kawar da ita daga kwamfuta, domin sunanta da saitunanta da duk fayilolin da ta rubuta suna nan a faifan ajiya, ana kuma iya ganinta da `docker compose ps -a`. Idan aka buga umarnin gogewa, Compose yakan lissafo kwantenonin da zai cire, ya nemi amincewa kafin ya taɓa ko ɗaya, kuma ba ya kusantar waɗanda ke aiki. Wanda yake son goge sashe ɗaya kaɗai sai ya ambaci sunansa, kamar `docker compose rm db` idan sunan sashen `db` ne.

Zaɓin `-s` yana tsayar da kwantenar da ke aiki kafin a goge ta, shi kuwa `-f` yana tsallake tambayar amincewa, abin da ya sa ake yawan saka shi a ayyukan da ke gudana ba tare da mutum ba. Wurin da aka ajiye harafin yana da muhimmanci: `-f` da ya zo kafin `rm` yana nuna fayil ɗin Compose da za a yi amfani da shi ne, ba tsallake tambayar amincewa ba.

Inda aka fi samun matsala shi ne batun bayanai. Duk abin da kwantena ta rubuta a cikinta, ba a ma'ajiya ta daban ba (wato volume, wurin ajiyar bayanai da ke wajen kwantenar), yana ɓacewa da zarar an goge ta, kuma babu hanyar dawo da shi. Ma'ajiyoyi marasa suna kuwa ba a goge su sai an ƙara `-v`. Samfurin da ake ƙirƙirar kwantenar rumbun bayanai na MySQL daga gare shi, alal misali, yana ware ma'ajiya a `/var/lib/mysql`. Idan ba a ba ta suna a fayil ɗin `compose.yaml` ba, Docker zai raɗa mata dogon suna na haruffa da lambobi 64, bayan gogewa kuma sai ta zauna tana cin wuri, sabuwar kwantenar ta fara da rumbu fanko. Ma'ajiya mai suna ba ta shiga wannan lissafi ko da an sa `-v`.

Umarnin `docker compose down` ya fi wannan faɗi, domin yana tsayarwa, ya goge, ya kuma cire hanyoyin sadarwar da Compose ya kafa, kuma a wurinsa `-v` yana haɗawa har da ma'ajiyoyi masu suna. Shi kuma `docker container prune` yana share kowace kwantena da ta tsaya a kwamfutar, ko ta wace manhaja ce.