Yajin aiki a dokar ƙwadago ta Nijar: ƙa'idojinsa da gurbin mata a cikinsa

Duk lokacin da sandika, wato ƙungiyar ƙwadago, ta kira yajin aiki a Damagaram, tambayar da ke fara zuwa bakin ma'aikata, musamman mata masu ƴaƴa a gida, ita ce ko za a kore su idan sun ajiye aiki. Amsar tana cikin doka mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, wato kundin dokokin ƙwadago. Yajin aiki ba ya warware yarjejeniyar da ke tsakanin ma'aikaci da mai aiki, sai fa idan ma'aikacin ya tafka babban laifi a cikinsa. Albashin kwanakin da ba a yi aiki ba kuwa, mai aiki yana iya riƙe shi.

Kāriyar nan tana da sharaɗi. Dole a fara kai saɓanin gaban sufeton ƙwadago domin ya gwada sasantawa, idan sulhu ya ci tura sai a ba mai aiki sanarwa aƙalla kwana uku na aiki kafin a fara yajin. Wanda ya tsallake wannan mataki ya ba da ƙofar da za a hukunta shi. Ma'aikatan gwamnati suna ƙarƙashin wasu dokoki na 1996, waɗanda suka wajabta a bar wasu a bakin aiki a fannoni irin su lafiya, ruwa da wutar lantarki. Shi ya sa ko ana tsakiyar yaji za ka tarar da ungozoma a ɗakin haihuwa.

Ba kyauta aka samu wannan haƙƙi ba. Daga Oktoba 1947 zuwa Maris 1948 ma'aikatan jirgin ƙasa na Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa sun yi fiye da wata biyar ba albashi, kuma matansu ne suka riƙe tukunyar gida da ƴan sana'o'insu har aka kai ƙarshe. Bayan yajin gama-gari na 3 ga Nuwamba 1952, Faransa ta fitar da kundin ƙwadago na yankunan mulkin mallaka a ranar 15 ga Disamba, wanda ya yarda matar aure mai sana'a ta shiga sandika ba sai da izinin mijinta ba.

A Nijar, yajin da USTN, haɗaɗɗiyar ƙungiyar sandikokin ma'aikatan ƙasar, ta jagoranta a 1990 yana cikin abubuwan da suka tilasta wa gwamnatin Ali Saibou karɓar tsarin jam'iyyu da yawa. Amma da aka kafa kwamitin shirya Babban Taron Ƙasa, mace ɗaya tak aka sa a ciki. Ranar 13 ga Mayu 1991 mata suka cika titunan Yamai har aka ƙara musu kujeru, kuma ranar ce ake bikinta kowace shekara a matsayin ranar matan Nijar.

Kundin 2012 ya haramta wa mai aiki nuna bambanci saboda jinsi ko saboda zama ɗan sandika, ya kuma ba mai juna biyu hutun haihuwa na mako 14. A ganina giɓin yana wajen waɗanda dokar ba ta isa gare su a aikace. Mai tuyar ƙosai a bakin Kasuwar Dole ta Damagaram ba ta da mai aikin da za ta yi wa yaji. Yarinya mai aikatau a wani gida a unguwar Birni ko Zango kuwa ma'aikaciya ce a idon doka ko da yarjejeniyarta ta baki ce, tana kuma da damar kai kuka ofishin sufeton ƙwadago, sai dai ita kaɗai ce a gidan, ba ta da sandikar da za ta rubuta mata sanarwar kwana uku.