Ƙidayar Tsuntsun Wudkok a Amurka da Kanada

Wudkok na Amurka, wanda masana ke kira Scolopax minor, tsuntsu ne ɗan gajere mai dogon baki da ke zaune a dazuzzuka masu danshi na gabashin Amurka ta Arewa, inda yake caka bakinsa cikin ƙasa mai laushi yana zaƙulo tana. Yana hayayyafa a arewacin Amurka da kudancin Kanada, idan sanyi ya gabato kuma sai ya yi ƙaura zuwa jihohin kudu irin su Luwiziyana. Da yake yana ƙetare iyaka kuma ana farautarsa, ya shiga cikin tsuntsayen da yarjejeniyar 1916 tsakanin Amurka da Birtaniya, wadda ta sa hannu a madadin Kanada, ta ba kariya, kuma dokar Amurka ta 1918 ta ɗora wa gwamnatin tarayya nauyin tsara farautarsa.

Wahalar ita ce tsuntsun ba ya ƙirguwa da ido. Launinsa ya saje da busassun ganyaye, kuma yini yake yi a laɓe cikin sarƙaƙiya. Lokaci ɗaya ne yake tona asirin kansa, wato lokacin neman aure, sa'ad da namiji ke fitowa fili da almuru yana wani gajeren kuka ta hanci, sannan ya tashi sama yana kewaye, gashin bakin fukafukansa na fitar da fito, kafin ya sauko kusa da inda ya tashi. A kan wannan ɗabi'a aka gina ƙidayar da Hukumar Kula da Kifaye da Namun Daji ta Amurka ke gudanarwa tun 1968, tare da takwararta ta Kanada da hukumomin jihohi da larduna.

An zaɓi hanyoyi kusan 1,500 ta hanyar canki-canka, mafi yawansu ƙananan titunan karkara marasa zirga-zirga. Tsawon kowace hanya mil 3.6 ne, da wuraren tsayawa 10. A watan Afrilu ko Mayu, gwargwadon yadda wurin yake arewa, mai ƙidaya yakan fara aiki minti 22 bayan faɗuwar rana, ko minti 15 idan hadari ya rufe sama, ya tsaya minti 2 a kowane wuri yana rubuta yawan mazan da ya ji. Ba a yarda da sakamakon daren da aka yi iska mai ƙarfi ko ruwan sama ko sanyi mai tsanani ba, domin tsuntsayen kan rage kuka. Hanyar da aka bi shekara biyu a jere ba a ji ko ɗaya ba, akan jingine ta, sai bayan shekara biyar a sake dubawa.

Abin da wannan aiki ke bayarwa ma'auni ne na hawa da sauka, domin babu mai cewa an san adadin tsuntsayen gaba ɗaya. Darajarsa tana cikin rashin sauya hanya: an shafe fiye da shekara 50 ana bin tsari ɗaya, shi ya sa ake iya kwatanta bana da shekarun 1970 ba tare da shakka mai yawa ba. Yana da gurbi kuwa, tunda maza kaɗai ake ji, a bakin titi kaɗai ake tsayawa, kuma can arewacin mazaunin tsuntsun a Kanada inda tituna suka yi ƙaranci ba ya samun isasshen wakilci.

Akwai wasu bincike biyu da ke cike gurbin. Tun 1963 ake roƙon zaɓaɓɓun mafarauta su aiko da fiffike ɗaya daga kowane wudkok da suka harbe, masana su taru sau ɗaya a shekara su tantance jinsi da shekarun tsuntsun daga siffar gashin, daga nan a lissafa 'ya'ya nawa kowace babbar mace ta raina. Na biyun kuwa tambayoyi ne da ake aika wa masu lasisin farauta don kimanta yawan abin da aka kashe, inda jihohin Mishigan da Wiskonsin da Minesota ke kan gaba.

An raba mazaunin tsuntsun gida biyu wajen gudanarwa, yankin gabas da yankin tsakiya, kuma a duka biyun alƙaluma sun nuna raguwa ta kusan kashi 1 cikin 100 a kowace shekara tun 1968. Wannan ne ya sa aka rage abin da mafarauci zai iya harbewa a rana daga 5 zuwa 3, a gabas a 1985, a tsakiya kuma a 1997, aka kuma gajarta kwanakin farauta. Sai dai yawancin masana sun fi ɗora laifin a kan ɓacewar mazauni. Wudkok yana buƙatar matashin daji mai cunkoson ƙananan itatuwa kusa da fili, amma tsofaffin gonakin da aka bari sun riga sun zama manyan dazuzzuka, wasu kuma gine-gine sun cinye su. Saboda haka shirin kiyaye tsuntsun na 2008 ya mai da hankali kan sare wasu sassan daji da gangan domin sabon toho ya fito, kuma da alƙaluman ƙidayar almuru ake auna ko mazan sun ƙaru a yankunan da aka yi wannan aiki.