Kyamarar da ke ƙirjin ɗan sanda: wa ke da iko da abin da ta ɗauka?

A watan Maris na 2020, 'yan sanda sun fasa ƙofar gidan Breonna Taylor cikin dare a birnin Louisville na Amurka, aka yi harbi, ta rasu. Babu bidiyon da ya nuna yadda abin ya faru. Bayan wata uku majalisar birnin ta yi doka: an hana faɗa wa gida ba tare da ƙwanƙwasawa ba, kuma duk jami'in da zai shiga bincike dole ya kunna kyamarar jikinsa aƙalla minti biyar kafin a fara.

Kansilolin birni ne suka yi wannan doka, ba majalisar tarayya ba. Amurka na da hukumomin 'yan sanda kusan 18,000, akasarinsu a hannun birane da gundumomi, kuma babu wata dokar tarayya guda da ta tsara musu yadda za su yi amfani da kyamara. Jiha ce ke shata iyaka, birni ya cike sauran. Ƙarfin majalisar birni kuwa yana wajen kuɗi, domin ita ke amincewa da kasafi da kwangilar sayen kyamarorin da ta ajiyar bidiyon, don haka tana iya gindaya sharuɗɗa kafin ta saki ko kwabo.

Abin da ke ba doka wahala shi ne kyamara ba ta zaɓen wanda za ta ɗauka. A ce mace ce mijinta ya lakaɗa wa duka, ta kira 'yan sanda da tsakar dare. Jami'i ya shigo, kyamara ta kwashi fuskarta a kumbure, da yara suna kuka a lungu, da ƙwayoyin magani a kan tebur. Ba ta yi laifin komai ba, amma daren da ya fi kowane muni a rayuwarta ya zama fayil a kwamfutar hukuma. Shi ya sa dokar jihar Illinois ta ce idan wanda aka zalunta ko mai ba da shaida ya nemi a kashe kyamara, a kashe, sai fa in halin da ake ciki bai bari ba. A wannan jiha ana ajiye bidiyo kwana 90, amma idan an yi amfani da ƙarfi ko an shigar da koke, sai ya kai shekara biyu. Jihar Kalifoniya ma ta taɓa hana haɗa kyamarorin da manhajar gane fuska, daga 2020 zuwa farkon 2023.

Sai dai kare sirri kan zama mafakar ɓoye laifi, kuma nan ne abin ya fi damuna. A 2016 jihar Carolina ta Arewa ta yi dokar da ta ce alƙali ne kaɗai zai ba da izinin sakin bidiyon. Ko kansilolin da ke biyan 'yan sandan albashi sai sun je kotu kafin su gani. Da jami'an gunduma suka harbe Andrew Brown Jr. a garin Elizabeth City na wannan jiha a watan Afrilun 2021, daƙiƙa ashirin kacal aka fara nuna wa iyalinsa, alƙali kuma ya ƙi yarda a saki bidiyon ga jama'a a lokacin. Kalifoniya ta bi wata hanya: tun Yulin 2019, bidiyon harbi ko mummunan rauni a fitar da shi cikin kwana 45, sai in akwai ƙwaƙƙwaran dalilin jinkiri, kuma an yarda a dusashe fuskokin waɗanda ba ruwansu. A ganina wannan ya fi kusa da adalci, domin matar can ta tsira da mutuncinta, uwar mamaci kuma ta ga yadda ɗanta ya mutu.

Wani bincike da aka fitar a 2017 kan 'yan sanda sama da 2,000 a birnin Washington bai ga wani bambanci na a-zo-a-gani ba tsakanin masu kyamara da marasa ita, ko a yawan koke ko a amfani da ƙarfi. Saboda haka gardamar da ake yi a zauren majalisun birane ta koma kan ƙananan sharuɗɗa: wane hukunci ke kan jami'in da ya ƙi kunna kyamara, kuma shin za a bar shi ya kalli bidiyon kafin ya rubuta rahotonsa, alhali ba a ba shaidan da ke wurin irin wannan dama ba.